Tuwon Wan Matata a Ikko

Shekarar da na yi aure ina aikin yi wa shanu allura a Magariya. Faransawa ke mulki a lokacin, kuma duk wanda ya yi 'yan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, kamar ni, ya iya karanta takarda ya sa hannu, to ya zama malam ko da gemunsa bai tsiro ba. Aikin ne ya kai ni Dogo-Dogo. Can na ga matata, can kuma na san mahaifinta, wani dogon manomi mai 'yan shanu, marar yawan magana. Idan na je gaishe shi nakan tuɓe takalmi tun daga bakin zaure in durƙusa nesa kaɗan. Ya tambayi aiki, in tambayi gona, hira ta ƙare. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, shi ma ban taɓa ganin ya kai wani abu baki ba. Haka ake yi tsakanin mutum da surukinsa, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Matata tana da wa, babban ɗan gidan, wanda ban taɓa gani ba. Lokacin yaƙin Turawa, da ake bin ƙauyuka ana ɗibar samari aikin soja, ya tsallaka ƙasar Ingilishi kamar yadda samari da yawa suka yi. Sauran sun dawo da abin ya lafa. Shi bai dawo ba. Aka ce an gan shi a Kano, daga baya aka ce Zariya, daga nan labari ya yanke fiye da shekara goma.

Bayan girbin wannan shekara wani ɗan kasuwar goro ya kawo wasiƙa da ajami, da hoto a ciki. Liman ya karanta wa mutanen gida. Yana Ikko lafiya, ya koyi girki a wurin wani Balaraben Sham, yanzu kuma ya buɗe otal nasa na kansa wajen Agege, mutane na ci safe da rana. A hoton yana sanye da farar riga da doguwar farar hula, yana tsaye gaban wani bene mai ginshiƙai da matakala. Hoton nan ya zaga ƙauye kaf kafin ya zo hannuna. Da na duba sai na ga gindin benen ya ɗan naɗe a ƙasa, kusa da ƙafarsa. Zane ne a jikin labule, irin wanda masu ɗaukar hoto ke ratayawa a bayan mutum. Na taɓa ganin irinsa a Damagaram. Na mayar da hoton, na ce Allah ya sa albarka. Na gaya wa kaina ba hurumina ba ne.

Surukina ya ce sai ya je ya ga ɗansa. Bai gaya mini da bakinsa ba, ƙanensa ya aiko mini har Magariya, wai tunda na san takarda da jirgin ƙasa, ko zan raka shi. Gaskiya ban taɓa wuce Kano ba, amma ban faɗa ba. Na nemi konje, wato hutu, a wurin aiki aka ba ni. Raina kuwa fari tas, domin na daɗe ina son ganin teku, ina kuma son cin abincin manyan birane. Sau ɗaya na taɓa cin soyayyen nama da dankali da burodi a wurin wani mutumin Dahome a Damagaram, da cokali mai yatsu, na yi wata guda ina ba abokai labari. Ina ganin idan na Damagaram haka yake, to na Ikko sai wanda ya gani.

Matata ta daka mana gumba, ta yi dakuwa, aka sayo kilishi. Uwarta ta ƙunsa kuka da daddawa da ɗan man shanu a kai wa ɗanta. Surukina ya ce a mayar. Wai mai otal za a kai wa kuka, a ba shi kunya gaban ma'aikatansa? Ta kwance ƙunshin, ta ba da hula da bargo a maimako.

Muka hau motar gyaɗa, muka wuce duwan, wato masu binciken kaya a bakin iyaka, muka isa Kano. Har nan ba wata wahala, domin a masauki kowa da kusurwarsa. A jirgin ƙasa ne abin ya zama aiki. Benci biyu ne suna duban juna, gwiwata na taɓa tasa, tafiyar kuma ta kwana biyu ce. Tun hantsi yunwa ta fara cina, na tabbata shi ma haka, amma ba wanda ya taɓa jakar guzuri. Can wajen azahar ya dubi taga ya ce, “Malam, duba mana ko wane gari muka kusa.” Na gane nufinsa. Na ɗauki rabona na tafi ƙarshen tarago, na tsaya bakin ƙofa na ci, na daɗe ina kallon daji. Da na dawo na tarar ya ɗaure jakarsa yana jan carbi. Na faɗa masa sunan garin, ya ce madalla. Haka muka riƙa yi. Na san sunayen tashoshin hanyar nan fiye da mai duba tikiti.

Da muka ƙetare kogin Kwara iska ta sauya. Jiki ya riƙa danƙo, riga ba ta bushewa. Gumbarmu ta yi tsami, har ta fara fumfuna, kilishin ma ya yi laushi yana wani wari. A wata tasha gaba da Ilori jirgi ya tsaya, aka ce sai wani ya wuce, ba za mu tashi ba sai la'asar. Mutane suka yi ta sauka neman abinci, mu ma muka bi su.

Muka sami wani ɗaki mai rufin kwano, wata Bayarabiya tana sayar da abinci. Surukina ya yi sallama ta amsa yadda ya kamata, hankalinsa ya kwanta game da yankan naman. Ta buɗe tukunya, sai ga tuwo baƙi-baƙi yana tururi, ga koriyar miya mai yauƙi. Na ga fuskarsa ta saki, abin da ban gani ba tun da muka bar gida. Ya ce, kamar da kansa yake magana, ashe mutanen nan suna da tuwon dawa.

Benci ɗaya ne a ɗakin, waje kuma ana yayyafi. Ya zauna a wancan ƙarshe ya dubi bango, na zauna a wannan ƙarshe na dubi ƙofa, muka ba juna baya. Na ji ya yi bisimilla, daga nan shiru.

Lomar farko ta gaya mini dalilin shirun. Tuwon ba na dawa ba ne, na garin doya ne, sulɓi gare shi da ɗan ɗaci, ba ƙamshin hatsi ko kaɗan. Miyar lalo ce ba shakka, amma an zuba mata manja da wani jan barkono mai hawa hanci ya fito ta ido. Na laluba nama, na kamo wani abu mai kauri yana santsi a hannu. Na tauna na tauna ya ƙi mutuwa.

Daga bayana na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. “Malam, wannan abin fata ce, ko idona ne?”

Na ce, “Fata ce, Baba.”

Ya ce, “Ta saniya ce kuwa. Mai kyau ce ma.”

Matar nan tana ta kallonmu. Da 'yar Hausarta ta tambayi wani ɗan dako da ke tsaye bakin ƙofa ko faɗa muka yi da tsoho. Ya yi mata bayani cewa surukina ne, kunya ce. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta leƙa waje ta ba maƙwabtanta labari. Abin ya burge ta ƙwarai, don haka ta ƙaro wa tsoho tuwo da fata guda biyu kyauta, don girmamawa. Ya yi godiya, ya kuma cinye, domin ba a mayar da kyauta. Da muka koma jirgi idanunsa jajir, bai nemi sanin sunan wani gari ba har washegari.

Na sha tunanin abincin nan daga baya. Ba za a ce matar ba ta iya girki ba, mutanen garinta suna ci suna suɗe hannu. Da wani abu aka ba mu wanda bai yi kama da komai namu ba, da mun ci mun ce na baƙi ne. Wannan kama da ya yi da tuwon gida ita ta cuce mu. Ido ya riga ya yi wa ciki albishir, baki ya zo ya ƙaryata.

Muka sauka a Agege, a zangon Hausawa, gidan wani Bakano dillalin shanu. Surukina ya fito da hoton ya nuna masa. Ya juya shi ya juya, ya ce shi dai shekararsa ashirin a nan, bai san bene irin wannan a Agege ba, sai dai a duba cikin birni. Kwana biyu muna yawo. Duk inda muka ga Bahaushe sai tsoho ya tsayar da shi, ya nuna hoton, ya tambayi mai otal. Kowa benen yake dubawa, ba mai duban mutumin. Ni kuwa ina biye da shi a baya, na san ginin da muke nema babu shi a duniya, na kasa buɗe baki. A rana ta uku ƙafafunsa suka kumbura, mai masauki ya ce lalle ya huta. Na ce zan shiga birni ni kaɗai in ci gaba da cigiya.

Ba cigiya na yi ba. Na ƙetare gada, na je na ga teku, na tsaya har rana ta take. Daga nan na nemi otal na gaske, mai tebur da farin ƙyalle a kai da fanka tana juyawa a sama. Na shiga na zauna. Mai kawo abinci ya dubi rigata da hulata, ya miƙo mini takarda. Na yi masa Faransanci, irin wanda ake yaba mini a Magariya, ya tsaya yana kallona kamar na yi tari. Na yi Hausa, ya girgiza kai. A ƙarshe na ɗora yatsa a kan wani layi a tsakiyar takardar, na kwaikwayi kukan rago don in tabbata ba alade za a kawo mini ba. Wasu mutum biyu a tebur na kusa suka sunkuyar da kai suna dariya.

Aka kawo faranti mai faɗi. Dafaffen dankali biyu, fari fat, ba gishiri. Ganyen kabeji da aka dafa har ya fita hayyacinsa. Yanka biyu na nama, sirara kamar ganyen takarda, an kwarara musu wani ruwa mai launin ƙasa wanda ya riga ya huce ya yi fata a sama. Na riƙe wuƙa da cokali mai yatsu yadda na koya, na ci a hankali, ina jira daɗin ya zo. Har na gama bai zo ba. Ba yaji, ba tsami, ba ɗaci, ba abin da harshe zai kama ya ce ga shi. Ko fatar Bayarabiya ta fi shi, ita aƙalla ta ba ni abin faɗa.

Na zauna ina duban farantin, fanka tana kaɗa ni. Wannan ne abin da na yi shekaru ina buri, wanda saboda shi na yi murna da tafiyar da wani ya yi don neman ɗansa. Na bar tsoho da kumburarrun ƙafafu yana zaton ina can ina tambaya. Kunya ta kama ni, irin wadda ba ta surukuta ba.

Da na koma zango na ja mai masauki gefe. Na ce ya rufe benen da hannunsa ya dubi fuskar kawai, mutumin ƙasar Faransa ne, mai yiwuwa abinci yake sayarwa a wani ɗan wuri. Ya rufe, ya duba, ya ce ai wannan Badamagaren nan ne mai shinkafa da wake a bayan tasha. Da an ce masa haka tun farko, ai da ranar da muka sauka ya kai mu. Tsakanin gidan da wurin bai kai tafiyar da ke tsakanin kasuwar Magariya da gidan kumandan ba.

Na shiga wurin surukina na durƙusa. Na ce, “Baba, an sami wurin. Sai dai ba kamar yadda yake a hoto ba ne.”

Ya dube ni, abin da ba ya yi. Ya ce, “To. Gobe ma je.”

Da hantsi muka tafi, yana dogara sanda. Rumfa ce ta tsofaffin kwanoni da katakon akwati, a gefen wata kwata. Benci biyu, murhu na rabin ganga, tukwane biyu manya. Leburorin tasha huɗu ko biyar suna zaune suna ci. A bakin murhu wani siririn mutum cikin singileti yana juya tukunya, gumi na zuba. Farar rigar hoton tana rataye a ƙusa, ta yi ja saboda hayaƙi. Ban taɓa ganinsa ba, amma goshin matata ne da shi.

Surukina ya yi sallama. Mutumin ya amsa bai waiwayo ba, ya ce a zauna yana zuwa. Sai muryar ta isa inda za ta isa, ya juyo. Ya tsaya da ludayi a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi, ya durƙusa da shi haka nan. Suka yi ta gaisuwa. Ya tambayi innarsa, ya tambayi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina, ya tambayi wata saniya da ta mutu tun shekara takwas. Tsoho yana amsawa lafiya lau, lafiya lau. Ya nuna ni ya ce ga mijin ƙanwarsa. Ba wanda ya ambaci bene, ba wanda ya ambaci wasiƙa. Leburorin suka gama suka zame ɗaya-ɗaya.

Da aka natsu wan matata ya ce bari ya je ya sayo mana abinci mai kyau a wani wuri da ya sani. Surukina ya ce daga Dogo-Dogo ya taso don ya ci na otal ɗin ɗansa, ba na wani ba. Ɗan ya ce to ai shinkafa da wake ce kawai, ita ma saura ƙanzo, kuma ba zai tari mahaifinsa da abincin leburori ba. Tuwo zai yi masa, irin na gida. Muka ce kada ya wahalar da kansa, bai saurare mu ba. Ya ruga kasuwa. Gero bai samu ba, ya dawo da garin masara. Ya zaro wani gwangwani daga ƙarƙashin benci, da 'yar kuka a ciki wadda ya ce wani ɗan garinmu ya bar masa tun bara.

Ina zaune ina kallonsa yana tuƙi. Wutar ta yi yawa, yana tuƙawa yana waiwayen mahaifinsa. Mutumin da ya bar gida yana saurayi, a gidan da namiji ba ya zuwa kusa da murhu, ina zai koyi tuƙin tuwo? Abin da yake tunawa ne kawai na hannun uwarsa, yake ƙoƙarin kwaikwayo.

Ya kwashe a babbar tasa ɗaya ya kawo. Tun kafin ya ajiye ƙauri ya riga shi isowa. Tuwon duk gudaji. Miyar ta tsinke, kukar ta tsufa ta koma ruwan ƙasa, tana warin ɗaki mai laima, ga manja yana yawo a sama inda man shanu ya kamata ya kasance. Na miƙe zan zaga bayan rumfa kamar yadda na saba.

Surukina ya ce, “Malam, wanke hannu.”

Na tsaya, ina zaton ban ji daidai ba.

Ya ce, “Tuwon da yawa. Zo ka kama mini.”

Na wanke hannu na zauna gabansa. Tasa ɗaya, hannuna da nasa. Ban ɗaga ido ba, shi ma bai ɗaga ba. Gudajin idan ka fasa sai ɗanyen gari ya watse a baki, gishiri kuma kamar an yi ɓari. Ban taɓa cin tuwo marar daɗi irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Wan matata yana tsaye a kanmu. Ya lakaci miyar da ta rage a ludayi ya ɗanɗana, na ga fuskarsa ta sauya.

Ya ce, “Baba, a bar shi haka nan. Bai yi ba.”

Surukina bai daina ci ba. Ya ce, “Wa ya ce maka?”

Ya ci gaba, loma bayan loma, ba gaggawa. Duk lokacin da na rage hannu sai ya ɗan turo tasar wajena. A nan na gane abin da ya sa ya kira ni. Shi kaɗai ba zai iya cinyewa ba, kuma bai yarda ko loma ɗaya ta koma wa ɗansa a cikin tasar nan ba. Muka cinye tas. Ya suɗe hannu, ya yi hamdala, ya ce Allah ya yi albarka, Allah ya buɗa kasuwa. Wan matata ya ɗauki tasar ya tafi bayan rumfa wankewa, ya daɗe bai dawo ba.

Ranar dai ni da tsoho ba wanda cikinsa ya zauna lafiya. Ba mu yi maganar ba.

Muka ƙara kwana huɗu. Kullum da safe surukina zai je ya zauna a ƙarshen benci yana kallon masu shiga da fita. Shinkafa da waken kuwa ba laifi, wannan ya iya ta, leburori har layi suke yi da azahar. Akwai wani makaho da ke zuwa kullum, ana zuba masa ba a tambayarsa komai. Tsoho ya lura da wannan, na ga yana binsa da kallo.

Wata rana ina taya wan matata ɗauko ruwa a famfo ya ba ni labarin wasiƙar. Ya ce shekara goma yana jira ya sami abin da zai faɗa kafin ya aika gida. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi wanke-wanke a gidan Balaraben nan, har ya kafa rumfarsa. Da ya je wurin mai rubuta wasiƙa ya ce a rubuta yana sayar da abinci, sai mai rubutun ya ce ai otal ake cewa. Mai hoto kuma labule biyu gare shi, ɗaya bene, ɗaya jirgin ruwa. Bai taɓa zaton tsoho zai taso ba. Ya roƙe ni kada in gaya wa ƙanwarsa. Na ce ni ba zan fara ba, amma idan ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. Ya ce ya yarda.

Surukina bai ce masa ya dawo gida ba, shi ma bai ce zai dawo ba. Ya raka mu tasha, ya sa hular da uwarsa ta aiko, ta yi masa yawa.

A hanyar komawa muka koma yadda muke, ina zuwa duba sunayen garuruwa. Sai bayan mun ƙetare kogi, ƙasa ta fara buɗewa, itatuwa suka fara zama irin namu, surukina ya yi magana. Taga yake kallo. Ya ce shi ne ya ce wa yaron ya tsallaka iyaka, shi ya raka shi har bakin gona ya nuna masa hanya. Ya ce masa wata biyu kawai, kafin masu ɗibar soja su wuce. Jirgi na ta tafiya. Can ya ƙara da cewa da ya bar uwar ta ba da kukar nan. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya ce amin.

A Dogo-Dogo mutane suka cika zaure. Surukina ya ce musu ya gani da idonsa, ɗansa yana ciyar da mutane, har da waɗanda ba su da abin biya. Wani ya tambayi benen. Ya ce Ikko ai benaye ne ko'ina, ya shiga ba su labarin mutanen da ke cin fatar saniya, aka yi ta dariya. Uwar ba ta tambayi mijinta komai ba. Ta aiko matata ta tambaye ni abu ɗaya, ya yi ƙiba ko ya rame. Na ce ya rame. Tun daga ranar duk ɗan kasuwar goro da zai yi kudu sai ta ba shi ƙunshi.

Bayan damina uku, gab da tafiyar Faransawa, wan matata ya zo ganin gida. Aka yanka rago. Uwarsa ta tuƙa tuwon gero da hannunta, miyar kuka sabuwa, da daddawa da man shanu, irin wanda tun daga ƙofar gida kake jin ƙamshinsa. Da ni da shi aka zuba wa tasa ɗaya a ɗakin baƙi. Ya yi loma uku yana yabawa da ƙarfi don a ji daga tsakar gida. Sai ya leƙa ƙofa, ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ɗan gwangwani, ya barbaɗa jan barkono a gefensa har miyar ta sauya launi. Ya ga ina kallonsa. Ya ce mini, murya ƙasa, shekarun nan duka wannan tuwon yake mafarki, ga shi yau a gabansa, bakinsa kuma ba ya jin komai sai da yaji. Ya ce kada in gaya wa Inna.

Wata guda ya yi. Gero na fara fitar da kai ya ce rumfa tana hannun wani, ba zai daɗe ba. Ni na raka shi tashar Magariya ya hau motar Kano.